Dodon da ke Ƙarƙashin Dodo

Ku ajiye kofunan nan tukuna, kada wani ya ƙware. Na san ba za ku yarda ba, ko da na rantse har muryata ta dishe, cewa za ku yi na ƙara gishiri. Ban ƙara ko ƙwaya ba.

Wani mutum ne a nan Winnipeg, aikinsa jera gwangwanaye a kanti, amma a zuciyarsa shi mai zanen dodanni ne. Ya sayi kwancen allon zane da alƙalaminsa, ya jona a kwamfuta, ya yi ta fama. Matsalarsa ɗaya ce: duk dodon da ya zana, da ka gani sai ka ji kana son ka ɗauke shi ka ba shi madara.

Kowace Asabar da rana mu masu zane mukan taru a ɗakin baya na wani shagon littattafai. A haska aikin mutum a bango da majigi, a yi masa filla-filla. Ni ne mai zama a kan kwamfuta, don ni na fi kowa saninta. Makarantar zane ma da na bari a tsakiya, abin koya mini ne ya ƙare wa malaman.

Mai taron shi ne Lorne, wani dattijo mai ɗan kamfanin wasannin kwamfuta, wanda ya fara zana dodanni tun yawancinmu muna rarrafe. Ƙa'idarsa biyu. Ta farko, in aikinka yana bango, bakinka a rufe yake. Ka ce uffan, a sauke aikin, ka ɗauki rigar sanyinka. Ta biyu, duk mai suka sai ya buɗe da yabo, ya zuba sukarsa a tsakiya, ya rufe da yabo. Lorne ya taɓa korar wani ƙato daga ɗakin don kawai ya manta yabon ƙarshe.

Ana nan sai Lorne ya ce yana neman mai zane ɗaya a kamfaninsa. Wanda duk ya kawo babban dodon sabon wasansu kafin ƙarshen wata, aikin nasa ne. Gogan naku bai jira komai ba. Washegari ya je ya gaya wa manajan kanti ya fara neman wani mai jera gwangwani.

Asabar ta farko na haska dodonsa. Wani abu ne mulmulalle, shuɗi, da manyan idanu.

Rodel ne ya fara, wani ɗan gajere da ba ya ganin halitta da daraja sai tana da ƙaho. Ya ce, "Mutumina, shuɗin nan ya yi. Amma ina ƙaho? Ina wuta? Wannan ai ko kyanwar gidanmu sai ta ƙwace masa abinci. Amma dai shuɗin ya yi."

Sai Charmaine, wadda nas ce a asibiti, ta san kowane ƙashi da sunansa. Ta ce, "Na ji daɗin yadda ka ba shi ƙafafu biyu. Sai dai ɗan'uwa, wannan kafaɗar, ranar da ya ɗaga hannu ranar za a kawo mana shi a motar asibiti. Amma ƙafafun sun kai ƙasa, wannan ma wani abu ne."

Lorne ya miƙe. Shi ba ya duba zane kamar mutane. Sai ya cire tabarau ya jefa a aljihu, ya koma can ƙarshen ɗaki, ya ƙanƙance ido. Wai dodon da bai ba ka tsoro a dishi-dishi ba, ba zai ba ka a sarari ba. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Kai mai jar hula," don bai taɓa riƙe sunansa ba. "Ka zo a kan lokaci, wannan hali ne mai kyau. Abin nan kuwa jikata za ta kwana rungume da shi. Amma hularka ta yi kyau."

Bawan Allah ya gyaɗa kai, ya rubuta komai.

To, ga waɗanda ba su taɓa riƙe alƙalamin kwamfuta ba: zanen nan falle-falle ake yinsa, kamar ka jera gilasai wani a kan wani. Jiki a falle ɗaya, ƙaho a wani, hayaƙi a wani. Kowane falle da ɗan hoton ido a gefensa. Ka danna idon, fallen ya ɓace, na ƙasa ya fito.

Mutumin naku kuwa ba ya mayar da shawara. Rodel ya ce ƙaho, ya sa ƙaho har a gwiwa. Charmaine ta ce tsoka, ya zuba tsoka har a fatar ido. Wani da ya shigo neman banɗaki ya ce a sa fikafikai, ya sa. Wata ta ce jela, ya sa biyu don kada ta ce ya yi rowa. Asabar ta biyu da na buɗe zanen, sai da kwamfutata ta yi nishi.

Rodel ya ce, "Yanzu ka zo gari. Sai dai ta ina yake cin abinci? Amma ƙahonnin, na sara maka."

Charmaine ta ce, "Ka yi ƙoƙari. Ina wuyansa? Ka yi ƙoƙari dai."

Lorne ya cire tabarau, ya koma baya, ya ƙanƙance ido. Ya ce, "Ba ka da ƙiwa, yaro. Amma wannan ba dodo ba ne, shagon gwanjo ne ya faɗo wa kare a ka. Ka san abin da ke damunka? Daga kanka kake zane, kuma kan naka ba kowa a ciki. Je ka nemo fuska ta gaske. Abin da in ka gan shi cikinka ke ƙugi don tsoro. Ka ɗauki hotonsa, ka shimfiɗa a ƙasa, ka gina dodonka a kai. Haka manya ke yi." Sai ya tuna ƙa'idarsa. "Takalmanka ma ba laifi."

Gogan ya bazama cikin ƙanƙara da wayarsa. Ya je wurin karen maƙwabcinsa, wanda ake cewa mugu ne, karen ya lashe masa waya. Ya je gidan namun daji wurin ƙatuwar farar dabbar nan ta ƙanƙara mai cin nama, ya same ta ta juya masa baya tana barci. Ya je kallon wasan hoki, na sanduna a kan ƙanƙara, ko zai samu fuskar wanda aka fasa wa baki, mutumin ya ga ana ɗaukarsa ya yi murmushi ya ɗaga yatsu biyu.

Asabar ta uku ya zo hannu rabbana, ya zauna kusa da ni kamar an yi masa mutuwa.

Na ce, "Kai, wai me kake nema a gari? Cewa aka yi abin da ke sa cikinka ƙugi. Tsakaninka da Allah, yaushe cikinka ya yi ƙugi na ƙarshe?"

Idonsa ne ya tafi da kansa. Lorne yana tsaye a bakin tebur, bai ko cire hularsa mai kunnuwa ba, gemu duk ƙanƙara, ya wangame baki zai sake kai wa donot hari, wani irin fanke mai jan zaƙi a ciki, zaƙin ya zubo masa a gemu, ido ɗaya a rufe. Sai ga wayar gogan ta leƙo a hankali daga ƙarƙashin tebur.

Na ce, "Ni ban ga komai ba."

Ya koma gida ya mayar da hoton baƙi da fari, ya ƙara masa duhu, ya shimfiɗa shi a can ƙasa. Sannan ya kwaso tarkacensa duka ya jibga a kai: ƙaho, tsoka, fikafikai, jela, hayaƙi. Kowa ya san in ka gama sai ka goge hoton da ka ɗora aiki a kai. Shi ma ya sani. Ya ce zai goge da safe.

Ranar yanke hukunci ɗakin ya cika. Aka ga na Rodel, ƙaho ne da ɗan dodo a maƙale. Aka ga na Charmaine, wanda Lorne ya ce ya fi shi lafiya. Sai na haska na gogan.

Lorne ya cire tabarau, ya koma ƙarshen ɗaki. Ya ƙanƙance ido. Ya karkata kai. A karo na farko bai yi tsaki ba.

Ya ce, "Hmm. Akwai wani abu a ƙarƙashin shirgin nan. Yaro, ka ji magana, ka samo fuska. Wannan yabo ne." Ya nuna ni da haɓa. "Kai, kashe mini fikafikan nan."

Na danna ido. Fikafikai suka tafi.

"Gara haka. Hayaƙin ma."

Na danna.

"Jelar. Duka biyun."

A nan ne gogan ya tuna da safiyar da bai yi abin da ya ce zai yi ba. Na ga zufa ta keto masa, alhali a waje numfashi ma daskarewa yake. Ya ɗaga yatsa.

Rodel ya raɗa masa, "Sauke, mutumina. Ka yi magana ka fita."

Ya sauke. In ya buɗe baki, aikin ya tafi, ga kanti an riga an ɗauki wani. In ya yi shiru, ga abin da ke tafe. Ya juyo yana roƙona da ido. Ni kuwa mutum ne mai bin umarnin manya.

"Cire ƙahonnin."

Rodel ya dafe ƙirji. Na danna.

"Tsokar. Fatar nan mai ɓawo. Haƙoran ƙaryan nan. Ci gaba, ci gaba, yana fitowa."

Na ci gaba, har ya zama ba sauran ido ko ɗaya da zan danna. Ga Lorne a bango, daga rufi har ƙasa, baki wangame.

Charmaine ta cusa gyalenta a baki. Rodel ya sunkuya yana ɗaure takalmin da ba shi da igiya. Lorne yana magana, kuma ba a haifi wanda zai katse shi ba.

Ya taho a hankali, ido a ƙanƙance, murya ƙasa-ƙasa. "Tsaya nan. Kada ka ƙara taɓa komai. Ku duba, ku koya. Wannan shi ne dodo. Ku dubi bakin nan. Wannan halittar ba yunwa ke sa ta ci ba, mugunta ce. Ku dubi kunnuwan yadda suka zubo kamar na tsohon jaki. Charmaine, ke da kika san jiki, dubi kumatun nan. Wannan ai ya fara ruɓewa tun yana da rai."

Charmaine ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Kin gani, har ya sa ta kuka. Ga ido ɗaya a mace. Ga jini a gemu, ko gogewa bai yi ba, ƙazami. Wannan abin bai taɓa son kowa ba, ba a kuma taɓa son sa ba. Uwar da ta haife shi ma da ta gan shi sai da ta nemi canji. In yana da mata, ina tausaya mata." Ya juya wurin gogan. "Mai jar hula, aikin naka ne. Litinin ka zo. Fuskar nan kuma ita za mu buga a kwalin wasan, kowane kanti a ƙasar nan sai ya rataya ta. Na faɗa a gaban kowa, kuma kun san ba na janye magana."

Sannan ya laluba aljihu, ya ciro tabarau, ya goge da gefen riga, ya saka.

Ya dubi bango. Ya dubi hular da ke bango. Ya ɗaga hannu ya shafa hular da ke kansa.

Majigi kaɗai ke ƙara.

Wurina ya fara juyowa. "Kai kana gani ka ci gaba da dannawa?"

Na ce, "Yallaɓai, kai ka ce ci gaba."

Ya ce, "Kuɗin donot ɗin ɗakin nan a wuyanka yake har ƙanƙara ta narke."

Kun san kuwa yaushe ƙanƙara ke narkewa a garin nan.

Sai ya taka har gaban gogan, ya tsaya a kansa. Bawan Allah ya shige cikin kujera, saura hula kawai ake gani.

Lorne ya ce, "Na ce ba na janye magana, ba zan janye ba. Amma yau na ɗage maka ƙa'ida. Buɗe baki. Ina so in ji abin da za ka ce mini."

Gogan ya ɗago kai. Ya dubi bango, ya dubi Lorne, ya sake duban bango.

Ya ce, "Yallaɓai, ba ka rufe da yabo ba."