Dokin Ƙofar Gidan Inna

Idan aka tambayi Barira ranar da ta fara ganin Tasi'u, za ta faɗi launin rigarsa, da yadda ya saƙale fensir a bayan kunne, da inda gumi ya taru masa a goshi. Idan kuwa aka tambaye ta yadda gidan da suka je dubawa yake a ranar, sai ta sunkuyar da kai. Abin da take iya tunawa dai, yana da ƙofa.

Innarta ce ta gaji da zaman haya, ta sayar da gonar da ta gada, ta ce ko ɗaki biyu ne tana so ajali ya same ta a cikin nata. Wani dillali, Malam Ɗan'azumi, ya samo mata gida a sabuwar unguwa, can gangaren gari. Da yake gwiwoyin Inna sun daina son tafiya, sai ta wakilta Barira.

"Ke ce mai karance-karance," in ji ta. "Je ki buɗe ido da kyau."

Karatun Barira kuwa duk na littattafan soyayya ne da take ara wajen maƙwabta, inda gidaje ba sa yoyo, in ma ruwa ya sauko to don masoya su fake ƙarƙashin bishiya ne. Kawunta ya san da haka, shi ya sa ya haɗa ta da wani saurayin magini da ake cewa in ya ƙwanƙwasa bango ya san abin da ke cikinsa. Shi ne Tasi'u.

Tsakiyar bazara ce, ƙasa ta bushe ƙamas. Gidan ya sha sabon fenti, har ƙamshi yake yi. Abin da ya fara tare su shi ne dokin ƙofa, wanda aka gina da siminti har kusan gwiwa. Barira ta ja ta tsaya, zani ya hana ta ɗaga ƙafa. Tasi'u ya tsallaka ya leƙa ɗaki, ya tarar da bulo a ajiye, ɗaya a kowace kusurwar inda gado ke zama. Ya ɗauko biyu, ya sa mata ɗaya a waje, ɗaya a ciki.

"Taka a hankali, Malama."

Ta taka. A duk littattafan da ta karanta, babu wanda ya taɓa ɗaukar wa wata bulo. Daga wannan takun ba ta ƙara ganin gida ba.

"Saboda awaki aka ɗaga shi haka," in ji dillali. "Mai gidan mutum ne mai tsafta. Duba, duk layin haka suka yi."

Barira ta waiwaya, ba ta ga akuya ko ɗaya a layin ba, ta ce a ranta lallai dabarar tana aiki. Buhunan yashi da ke jibge a ƙofar kowane gida kuwa, Malam Ɗan'azumi ya ce unguwa ce mai tasowa, kowa shirin ƙarin gini yake.

Shi ma maginin ba a bar shi a baya ba. Yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, idonsa yana wani wurin daban.

"Kin ji ko?"

"Na ji," in ji ta, alhali muryarsa take saurare.

Ya ari tsani ya hau ya duba kwanon rufi. Daga can sama ya hango ta tana gyara mayafi a tsakar gida, ya sauko ya ce komai lafiya lau.

Da ta koma, Inna ta tambaye ta yaya gidan.

"Akwai natsuwa, Inna. Ga kunya."

"Gidan?"

"Unguwar," in ji Barira, ta tashi da sauri wai za ta duba tukunya.

Aka yi ciniki, aka shafa fatiha, suka tare.

Ruwan farko da la'asar ya sauko. Nan Barira ta gane cewa duk abin da sama ta zubar a garin, unguwarsu yake nufa. Ruwan ya iso layinsu ja wur, ɗauke da leda da takalman mutanen da ba su sani ba, ya tsallake dokin ƙofar nan ba tare da an sa masa bulo ba. Ta sama kuma rufi ya buɗe nasa aikin. Wata maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga tana tambaya ko tsohon mai gidan bai bar musu bulon ɗora gado ba, don ita ta san ya ce zai bari. Barira ta dubi bulon nan biyu da ta hana kowa ɗaukewa daga bakin ƙofa. Malam Ɗan'azumi kuwa an ce ya tafi ƙauye ta'aziyya, kuma har yau ba a gama zaman makokin ba.

Tasi'u bai gudu ba. Ruwa bai gama ɗaukewa ba sai ga shi da shebur a kafaɗa, ya naɗe ƙafar wando. Ya durƙusa cikin ruwa ya gaida Inna.

"Sannu da zuwa, Injiniya," in ji ta daga kan gado. Sunan da ya bi shi ke nan.

Tun daga ranar, hadari na haɗuwa yake kamo hanya. Ya liƙe rufi, ya haƙa magudana, ya cika buhunan yashi kamar na kowa. Damina ba ta raba ba ya turo manyansa. Inna ta karɓe su da mutunci, ta ce ba ita za a tambaya ba, a tambayi mai karatu, ita ce ta iya zaɓe. Barira kuwa bakinta ya yi nauyi. Tana son sa, kowa ya sani, har maƙwabciyar katanga. To amma da wane ido za ta dubi uwar da gonarta ta koma tafki, ta ce wanda ya duba tafkin take so? Shi kuma manyansa sun fara ce masa in babu amsa ya haƙura.

Ran nan bayan wani ruwan, yana kwashe ruwa da tsohon kwano, ita tana kora saura da tsintsiya, Inna na zaune kan gadonta na bisa bulo, ƙofa a buɗe, tana jan carbi. Tasi'u ya miƙe ya goge fuska.

"Malama Barira, na samo mana wurin zama. Na duba shi da kaina, sama da ƙasa."

Carbin Inna ya tsaya. "Injiniya."

"Na'am, Inna."

"Akwai awaki a unguwar?"

"Akwai, Inna. Har da tumaki."

"To, da sauƙi," in ji ta, ta ci gaba da jan carbinta. Barira ta saci kallonta, ta ga gefen bakin tsohuwar yana motsi, tana danne dariya.

Tasi'u ya rage murya. "Amsarki kawai ta rage. In kin yarda, gobe sai Kawu ya raka mu, ki je ki gani da idonki."

Barira ta jingine tsintsiya. Ta dubi dokin ƙofa, ta dubi fensirin da ke bayan kunnensa, ya jiƙe sharkaf. Sannan ta ɗaga murya yadda za a ji har cikin ɗaki.

"Aure dai na yi maka alkawari, ga Inna shaida. Amma duba gida, ɗauki Inna ku je. Ita ba ta son ka."