Yadda Fansho Ya Tsayar da Ni a Gaban Tagar Hajiya Zaituna

Ranar Laraba bayan sallar azahar, ina laluben takalmina a ƙofar masallaci, sai Malam Misbahu, limamin layinmu, ya riƙo hannun rigata. Ya ja ni gefe, irin gefen nan namu na unguwar Briqueterie wanda rabin sahu ke jin abin da ake faɗa. Ya gyara murya ya ce, "Malam Sha'aibu, tambaya ɗaya ce. Niyyarka ta alheri ce?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, wace niyya?"

Ya ce, "Kar mu yi haka da kai. Hajiya Zaituna mace ce mai mutunci. Ta fita takaba tun bara, kuma tana da 'yan'uwa maza a Nkomkana. In da gaske kake, ka turo manya. In kuwa wasa ne, to da furfurarka, ka bar mata tagarta ta sha iska."

Jama'a, ku ji mini! Ni da na fito neman fansho, ga shi ana neman ɗaura mini aure. Bari in faro muku daga tushe, ku yi mini alƙalanci.

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina tuƙi a wani ofishin gwamnati can tsallaken iyaka. Na tuƙa daraktoci, na tuƙa matan daraktoci, na tuƙa ragunan layyar daraktoci. Da ƙarfi ya ƙare na tattaro na dawo Birik, wato Briqueterie, inda aka binne cibiyata. Fanshona kan taso da naira, ya ratso banki, ya ratso wani bankin, ya ratso mai canji, kowa ya ɗan gutsiri abin albarka, sannan ya iso wayata da sefa a rame kamar ya yi jinya a hanya. Duk da haka da shi nake biyan ɗaki, da shi nake sayen maganin hawan jini. In ya tsaya, na tsaya.

Da can, kowace shekara sai mutum ya je da ƙafarsa a gan shi da rai. Jirgin ƙasa zuwa Ngaoundéré, mota zuwa Garoua, wata motar zuwa iyaka, sannan ka shiga layi a rana tare da sauran tsofaffi. Wasu a layin nan suke amsa tambayar rai ko mutuwa da kansu, a ɗauke su. In ka kai gaba, wani mai ɗamarar wuya ya ɗago kai, ya dube ka sau ɗaya, ya rubuta cewa kana numfashi. Kuɗin motar kan cinye fanshon, amma ka dawo gida da shaidar hukuma cewa ba ka mutu ba, ka nuna wa iyali hankalinsu ya kwanta.

To bana Allah ya ba mu shugaba mai tausayi, Mai Girma Babban Sarkin Ƙidayar Masu Numfashi, Allah ya ja zamaninsa. Bawan Allahn nan saboda mu ya kwashi tawaga jirgi guda, suka tafi ƙasar Turawa, suka sha wahalar kwana a otal mai ruwan zafi, don su koyo yadda za a hutar da tsofaffi. Suka dawo da tumbi da wata manhaja ta waya. Saƙo ya zo cewa daga yau ba sai ka yi tafiya ba, fuskarka kawai za ka nuna wa waya. A ƙasan saƙon kuma, da ƙananan baƙaƙe, an ce wanda bai yi ba kafin ƙarshen wata za a sa shi a sahun mamata, a tsayar da kuɗinsa. Madalla da wannan jinƙai.

Tahiru mai suya, maƙwabcina, shi ya sa mini abin a waya da yatsunsa masu yaji. Sai muka tarar ɗakina babu rezo, wato sabis ɗin waya. Tsakar gida babu. Na ɗaga waya sama na bi layinmu kamar mai neman jinjirin wata, har na hau gangaren nan na bayan shagon masu ɗinki. A gindin falwayar lantarki ta can sama, nan rezo ya cika fal. Ka matsa taku kaɗan ya ɓace. Falwayar nan kuwa tana kallon tagar Hajiya Zaituna, mai sayar da atamfa a kasuwar Mokolo, wadda kan zauna a tagar da safe tana tsince shinkafa. Wallahi a lokacin ko taga ban gani ba, sandunan rezo nake ƙirgawa.

Ni kuma an rene ni a kan cewa ofis ofis ne. Ba ka zuwa gaban hukuma da rigar barci. Saboda haka kowace safiya sai in yi wanka, in zuba babbar rigata ta Juma'a, in karya hula, in fesa turare. Tahiru ya gan ni ya ce, "Baba, waya fa ba ta da hanci."

Na ce, "Darakta yana da shi. Ka san ko yana leƙowa?"

Cikin manhajar akwai wata mata mai magana da Turanci ta hanci. Ina buɗewa nakan gaishe ta, in tambayi aiki, in tambayi iyali, ba ta taɓa amsawa ba. Umarni kawai take bayarwa. Kalli nan. Juya dama. Juya hagu. Ƙifta ido. To ni idona na hagu tun da aka cire mini yana ba ya jin magana da wuri. Na dama ya rufe ya buɗe, na hagun yana nan zuru. Na sani, ba sai kun faɗa ba. Wanda ya hango daga nesa, kashe ido zai gani.

Duk wannan da sauƙi. Matakin ƙarshe ne ya kashe ni: yi murmushi. In buɗe haƙora, waya ta yi ja, ta ce ba a ga alamar rai ba, a sake gwadawa gobe. In dawo gobe, in ƙara buɗewa har dasashi, ta sake cewa ba a ga alamar rai ba. Ni da na hau gangare da ƙafata ina haki!

Tahiru ya ce zai koya mini. Ya zaunar da ni a bencin suya, ya ce in tuna ranar biyan albashi. Na tuna, fuskata ta ƙara ɓaci. Ya ce in tuna wani darakta da ya taɓa faɗuwa. Na tuna, amma ni ne na ɗaga shi, har ya zage ni. Garin gardama wayar ta juya ta kalli teburinsa, inda wani kan rago babbakakke ke zaune da haƙora waje. Nan take matar ta ce murmushi ya yi kyau, saura ƙifta ido. Tahiru ya yi dariya har ya kusa faɗawa cikin garwashi.

Ni ban yi dariya ba. Gaskiyar magana, tun da matata Hafsatu ta rasu fuskata ta manta hanyar abin. Ina gaisawa da mutane, ina zuwa suna da ɗaurin aure, ina cewa madalla, ashe duk da fuskar jana'iza nake yi, ba wanda ya gaya mini sai waya. Abin ya yi mini ciwo. A ce kan rago ya fi ka alamar rai a idon hukuma.

Na kira lambar taimako da suka bayar. Aka sa mini kiɗa, wata murya tana ta rantsuwa cewa kirana yana da muhimmanci a gare su, har katina ya ƙare. Na sake saye, na sake kira. Da ƙyar wani ya ɗauka yana tauna abu. Na yi masa bayani. Ya ce ai wannan mai sauƙi ne, in zo ofishinsu da kaina su ba ni lambar da za ta sa ba sai na zo da kaina ba. Ranka ya daɗe Sarkin Ƙidaya, wannan hikima ba a gida aka koyo ta ba, kuɗin otal bai tafi a banza ba.

Duk wannan na zayyana wa Malam Misbahu a ƙofar masallaci, har na ciro wayar na nuna masa. Ya saurara yana shafa gemu. Da na gama ya ce, "Malam Sha'aibu, na daɗe a aikin nan. Na ji an ɗora wa shaiɗan, na ji an ɗora wa ƙaddara. Yau ne na fara jin an ɗora wa gwamnati."

Na ce, "Malam, gobe wata zai ƙare. In ban je gindin falwayar nan ba, jibi ni mamaci ne a takarda. Mai gida zai fitar mini da tabarma, mai kemis ba ya ba gawa magani."

Ya ce, "To je ka goben. Ni ma zan zo in ga wannan gwamnati da ake fesa wa turare."

Ashe maganar ta zaga har unguwar Messa. Da na hau gangaren ranar Alhamis da safe, na tarar kamar za a raba zakka. Masu ɗinki sun fito da awo a wuya. 'Yan benskin, wato 'yan acaɓa, sun kashe babura sun jingina. Tahiru ya bar wuta ba mai tsaro. Malam Misbahu ya sa an kawo masa kujera. Na tsaya a gindin falwaya, gumi na bin bayana, na ɗaga waya. Kalli nan, na kalla. Juya dama, na juya. Ƙifta ido, na ƙifta, wani ɗan benskin ya ce, "Kun gani ko! Ya kashe!" Sai matar ta ce yi murmushi.

Na ja leɓe iya ƙarfina. Ina cikin haka sai na ji ƙofa ta buɗe. Hajiya Zaituna ce, ta yafa mayafi, ta tsallako kwata, ta nufo ni kai tsaye da wani ƙulli a hannu. Kowa ya zuba mana ido. Ni kuma na kasa sauke waya, na kasa sauke leɓe.

Ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Malam Sha'aibu, ina kwana. Kullum ina ganin abin nan da kake yi da bakinka, har ya hana ni tsince shinkafa. Ga kanumfari, ka danna a haƙorin. In bai bari ba, akwai mai cirewa a nan unguwar Madagascar, hannunsa da sauƙi."

Na ce, "Hajiya, ba ciwon haƙori ba ne. Murmushi ne."

Ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Wannan? Malam, kar ka ƙara yi a gaban yara."

Jama'a, ban san daga ina ta taso ba. Wata dariya ce ta ƙwace mini tun daga ciki, irin wadda rabona da ita tun Hafsatu na da rai. Na yi ta har hulata ta faɗi, har idon hagun nan mai taurin kai ya rufe don kansa, hawaye na zuba. Ina cikin haka na ji wayar ta yi ƙara a hannuna. Na duba, ta yi kore shar. An tabbatar kana da rai.

Tahiru ya yi kabbara. 'Yan benskin suka danna oda. Malam Misbahu ya karɓi wayar, ya juya ta gaba da baya, ya ce to, lallai gwamnati ce, Allah ya yafe mana zato. Mutane suka watse ba da son ransu ba, don sun zo kallon neman aure an ba su tantancewa.

Hajiya Zaituna ta ɗauko hulata, ta kaɗe jar ƙasar, ta miƙo mini. Ta rage murya ta ce, "Ai na san waya kake yi wa, tun ranar farko. Marigayi maigidana ma ya sha wannan wahalar da nasa ofishin. Na ga dai in ba a tsokane ka ba za su binne ka da ranka." Ta juya za ta tafi, sai ta waiwayo. "Amma turaren nan ka rage. Yana shigo mini har ɗaki."

Na ce to. Ta ce, "Ban ce ka daina ba."

Kuɗin ya iso jiya, a rame kamar kullum, ya gaisa da kowa a hanya. Na biya ɗaki, na sayi magani, abin da ya saura bai kai tsire uku a wurin Tahiru ba. Tare da shi kuma wani saƙo ya zo daga fadar Mai Girma, wai an taya ni murnar kasancewa da rai, sai kuma bayan wata shida a sake tantancewa.

Wata shida! Ku dubi sakaci irin na hukuma. Tsoho mai hawan jini, a bar shi wata shida ba a duba ko yana numfashi ba? Haka ake ɓarnar dukiyar jama'a. Ranka ya daɗe, ni shawarata a mayar da abin nan mako-mako, kuma ni a shirye nake in ba da misali. Kafin fadar ta amsa, na dai sa an wanke babbar rigar. Gobe da safe zan hau gangaren in duba ko rezon yana nan inda na bar shi.