Ranar da Na Yi wa Kwalba Likkafani

Ba zan taɓa mantawa da ajiyar da ƙanwata Hadiza ta ba ni ba. Ita tana bincike a jami'a a Damagaram, ni kuwa ƙanƙara da zoɓo nake sayarwa a Matameye. Ta kira ta ce abokin aikinta zai biyo daga Kano da saƙon da ta yi wata biyar tana jira, in sa mata a firigo har ta zo.

"Yaya, don Allah kada ya ji zafi. In ya lalace, shekarata ta tafi."

Saƙo ya iso cikin akwatin sanyi. Ba wanda ya ce in buɗe, amma na buɗe (haka Allah ya yi ni). Wata 'yar kwalba ce da ba ta kai ɗan yatsa ba, da takarda da Faransanci. Ni a aji shida na bar lekol, don haka duk dogayen kalmomin nan suka wuce ni, sai guda ɗaya na kama: na ɗan Adam.

Na ɗan Adam wane? Ɗan wa? Kuma kusa da zoɓon da nake sayar wa jama'a? Na kira Hadiza sau huɗu, ba rezo, layi ba ya shiga. Na ruga wurin maƙwabcinmu Malam Isa. Ya juya kwalbar, shi ma bai gane ba, ya ce in dai sashen mutum ne, haƙƙinsa a binne shi.

Na yanko farin ƙyalle na naɗe ta. Da yake kashedin Hadiza na raina, sai na ɗora likkafanin a kan ƙanƙara cikin kwano, ni kaina ban san ko gawa nake tsaro ko ajiya ba. Kafin la'asar mata sun cika tsakar gida, har wata na ce mini, "Ya haƙuri?" Na amsa, wallahi.

Malam ya ɗauko fartanya ke nan waya ta shigo. Na buɗe murya kowa ya ji, ina kuka: "Hadiza, wa kuka yanka?"

Ta ce, "Yaya, anzim ne. Sinadarin da ke taimaka wa jiki ƙera pirimidin, tubalin ƙwayar gado. Ƙwayoyin bakteriya aka ba tsarin na mutum suka kwaikwaya. Ba a taɓa kowa ba. Yana ina yanzu?"

"Yana... cikin likkafani."

Malam ya jingine fartanya ya fice ba sallama. Matan kuwa ba su fice ba, zama suka gyara.

Kwana uku ban ci abin kirki ba, sai da Hadiza ta gwada ta ce yana aiki, ƙanƙarar kwanon ce ta cece shi. Har yau ban gane mene ne pirimidin ba. Abin da na gane shi ne, in kalma ɗaya kawai na iya karantawa a takarda, in jira rezo ya dawo kafin in tara 'yan gaisuwa.