Korau da Bayan Girgije

A Kukar Bawa, a gidan ƙarshe kafin a faɗa gonaki, nan Inna Tabawa take zaune da ɗanta Korau. Maigidan ya daɗe da rasuwa, babban ɗanta Sallau kuma yana Legas yana gyaran keken ɗinki, sai da sallah ake ganinsa. Korau ya haura talatin, ƙato ne, ga ladabi, ga noma kamar ba ya gajiya. Abu ɗaya ne da shi: duk abin da ka faɗa masa haka zai yi, ba ƙari ba ragi. An taɓa ce masa ya tsaya bakin rijiya har a dawo, wanda ya faɗa ya manta ya wuce kasuwa, sai bayan la'asar aka je aka taho da shi. Mutanen gari suna ce masa wawa. Ni dai na ga masu wayo da yawa waɗanda ko allura ba zan ba su ajiya ba, shi ya sa ba na saurin sa baki.

Ita kuwa Inna Tabawa, da sanin hadari aka san ta. In ta fito tsakar gida ta ɗaga kai ta ce a kwashe shanya, to gara a kwashe. In ta ce wannan hadarin na mutanen gabas ne, ko ya yi baƙi ƙirin ba ya zuba a garin. A shekarar da nake ba ku labari idonta ya fara tafiya. An kai ta asibiti, likita ya ce sai dai a rage masa gudu, amma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ba ta yi ƙorafi ba, sai dai kowa ya lura ta ƙara yawan zama a waje tana kallon sama.

Wata rana Sallau ya bugo waya ya ce matarsa ta kusa sauka, kuma yana so Inna ta zo suna, a jirgin sama ma don kada mota ta wahalar da ita. Inna ta ce jikinta ba na tafiya ba ne, Korau ya je a madadinta. Sallau ya san halin ƙanensa sarai, amma daga baya ya ce to. Da aka ajiye waya sai ta kira Korau ta zaunar da shi gabanta.

"Shekara saba'in ina kallon cikin girgije, ban taɓa ganin bayansa ba," in ji ta. "Ka ɗauko min hotonsa tun ina iya gani."

Korau ya ce to, Inna. Kuma duk wanda ya san shi ya san wannan "to" ɗin ta fi rantsuwar wasu nauyi.

Wata rana ya ɗauki wayar da Sallau ya aiko masa bara, ya tafi shagon Malam Jibo mai hoto. Malam Jibo ya taɓa shiga jirgi sau ɗaya shekarun baya, yana kuma ba da labarin kamar shi ya tuƙa. Ya nuna wa Korau inda ake dannawa, sannan ya gyara zama ya shiga karatu. Ya ce jirgi ɗaki ɗaya ne da aka kulle mutane a ciki, wanda ka takura wa ba shi da inda zai tashi ya koma, saboda haka kada ya kuskura ya saka kowa a hoto sai ya nemi izininsa. Ya ce duk abin da ma'aikatan jirgi suka faɗa, ya yi shi nan take. Har Korau ya miƙe, Malam Jibo ya ƙara masa da abin da yake faɗa wa duk mai koyo, ya ce yaran yanzu danne-danne kawai suke yi, mai hoto na gaske ba ya dannawa sai ya kalli abu har ya san shi. Korau ya maimaita komai sau uku a hanya don kada wani ya zube.

Wata rana, ranar kasuwa, ya ce bari ya gwada hannunsa. Ya hau kan tudu ya ɗaga waya, sai ya ga ai kasuwar cike take da mutane. Ya sauko ya fara daga rumfar masu gishiri, yana durƙusawa yana gaisuwa yana neman izini, mutum ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka yi dariya suka ce ɗauki, wasu suka ce sai sun gyara hula, wata mai daddawa ta ce ita kam a'a, ya roƙe ta ta gaya masa lokacin da za ta tashi. Kafin ya kai layin mahauta sababbin mutane sun shigo, ya sake komawa baya. Da ya gama ya hau tudun nan, rana ta yi sanyi, kasuwa ta watse, ba kowa sai rumfuna da akuya ɗaya. Akuyar ma bai ɗauka ba, don bai san mai ita ba.

Wata rana aka bugo aka ce an haihu, namiji. Aka raka Korau har Kano aka saka shi a jirgi. Kujerarsa ta tsakiya ce. Kafin a tashi wata ma'aikaciya ta zo wucewa ta gan shi riƙe da waya da hannu biyu, ta ce, "Malam, a kashe waya." Ya kashe ya sa a aljihu. Jirgi ya yi gudu ya ɗaga, Korau ya rufe ido yana salati. Da ya buɗe, sai ga bayan girgije can ta kafaɗar maƙwabcinsa, fari fat, shimfiɗe har iyakar gani. Hannunsa ya kai aljihu ya tsaya. An ce ya kashe, ba a ce ya kunna ba. Ya ga wasu sun fito da nasu, ya ɗauka layi ake bi, nasa ne bai zo ba. Duk lokacin da ma'aikaciyar ta wuce sai ya bi ta da ido, ita kuma ta ɗauka ruwa yake so, har roba uku ta ba shi.

Ana cikin haka ya ga wani saurayi a ɗaya gefen ya saita waya kan wani dattijo da barci ya kwashe, baki buɗe, yana ɗauka yana ƙunshe dariya. Korau ya leƙa cikin ladabi, don shi da gaske yake son ya koya, ya tambaye shi ko tun kafin tsohon ya yi barci ya nemi izinin. Muryar Korau ba ta san raɗa ba. Layi uku suka waiwayo. Saurayin ya goge hoton, bai sake ɗaga kai ba har aka sauka.

A Legas Sallau ya yi ta kiran waya yana jin ta a kashe. Awa uku yana zagaye filin jirgi, ya tambayi wannan ya tambayi wancan, har ya fara tunanin abin da zai faɗa wa Inna. A ƙarshe ya same shi zaune a kan benci, jaka a cinya. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga idon ƙanen nasa ya yi ja.

"Na gan shi, Yaya," in ji Korau. "Yana nan dab da ni, wayar kuma tana aljihuna."

Sallau ya fasa faɗan. Ya karɓi jakar kawai, ya ce ya kunna wayar, akwai komawa.

Wata rana bayan suna, aka miƙo masa jaririn, wanda aka raɗa wa Haladu, sunan marigayi mahaifinsu. Korau ya ce Inna za ta so ganinsa. Ya sunkuya ya yi wa jariri sallama, ya nemi izini, ya tsaya jiran amsa. Mata suka yi dariya har da riƙe ciki. Mai jego ta share hawayen dariya ta ce kafin yaron ya yi baki izininsa a hannunta yake, kuma ta bayar. Ya daɗe yana kallon fuskar, har ya gano kunnen babansu a jikin yaron, sannan ya danna. Hoton ya yi kyau ƙwarai, kuma shi ne na farko da ya taɓa ɗauka.

Wata rana, bayan kwana goma, ya kama hanyar gida. Wannan karon Sallau bai bar komai a buɗe ba. Ya saita masa wayar yadda ake yarda a bar ta a jirgi, ya ce da zarar jirgi ya daidaita a sama an kashe fitilar ɗamara, ya fito da ita, ba sai an ce masa ba. Aka sake ba shi kujerar tsakiya. A bakin taga wata Hajiya ce mai fataucin atamfa. Da fitila ta mutu Korau ya gaishe ta, ya ce yana neman izinin kafaɗarta da gefen mayafinta, don za su shiga hoto. Ta dube shi sama da ƙasa ta tambayi hoton me. Ya ba ta labarin Inna. Hajiya ta tattara jakarta ta ce ya dawo nan ya zauna. Saura izini ɗaya. Ya tsayar da ma'aikaciya ya tambaye ta girgijen na wane ne. Ta yi murmushi ta ce na Allah ne. Korau ya yi bismillah, ya ɗaga waya, ya fara kallo don ya san shi.

Nan fa aka samu matsala. Abin da ya fara gani kamar audugar da aka tara bayan tsinka, kafin ya gama saninsa ya baje ya zama kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. Ya fara sanin wannan, sai ga rami ya buɗe, ya hango ƙasa can da wani kogi siriri. Sai ga wani dogo ya taso shi kaɗai, ƙasansa baƙi, kansa fari yana ƙyalli. Hajiya ta taɓa shi ta ce ya danna mana. Ya ce bai gama saninsa ba tukuna. Ta sake magana sau ɗaya, daga nan gyangyaɗi ya ɗauke ta. Korau bai ci abin da aka kawo ba, bai ko juya wuya ba, yatsansa na kan waya yana jira girgije ya tsaya wuri ɗaya. Yana nan a haka jirgi ya sunkuya ya nutse cikin farin, taga ta yi toka-toka, sai ga rufin gidajen Kano.

Labari ya riga shi shiga gari, don direban motar da ya hau ɗan Kukar Bawa ne. 'Yan majalisa suka yi ta dariya, an hau jirgi sau biyu an dawo hannu wofi. Malam Jibo ya dafe kai ya biyo shi gida don ya ba Inna haƙuri, yana jin rabin laifin nasa ne.

Suka same ta zaune a tsakar gida. Korau ya durƙusa, ya fara miƙa mata hoton jariri don ya jinkirta abin da yake tsoro. Ta kai wayar dab da fuska, ta matsar, ta karkata ta. Sannan ta mayar masa, ta ce tun ranar Juma'a haske kawai take gani, ba ta bari a gaya musu ba don kada a ɓata suna. Korau ya fashe da kuka, ya ce ko da ma tana gani bai kawo ba, ya tsaya kallo har lokaci ya ƙure.

Inna ta laluba ta kama hannunsa. Ta tambaye shi bayan girgijen sumul yake ko da tudu. Ya ja hanci ya ce da tudu, da kwari, har da kunya irin ta gonar gero. Ta tambayi ko duk tafiya ɗaya suke. Ya ce a'a, na sama siraran nan kamar a tsaye suke, na ƙasa ne masu sauri. Ta gyaɗa kai ta ce ta daɗe tana zargin haka. Ta yi ta tambaya yana ba ta amsa, ba inda ya ce bai lura ba, har ya zana mata dogon nan da yatsa a tafin hannunta. Malam Jibo, wanda ya zo da haƙuri a baki, ya nemi turmi ya zauna yana saurare.

"To wannan baƙin," in ji Inna, "lokacin da ya rufe mutanen ƙasa suka shiga duhu, ita rana tana ina?"

"Tana nan, Inna. A kansa take zaune. Ba ta je ko'ina ba."

Inna Tabawa ta ɗaga fuskarta sama, ta daɗe a haka. Sannan ta gyara zama, ta ƙara riƙe hannun nasa, ta ce ya koma daga farko, tun daga inda jirgin ya ɗaga, kuma kada ya yi sauri.