Alawar da na sayo wa gwiwar Umma

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da na yi dariya a gidan makoki, ni da girmana da 'ya'yana.

Umma ce ta zo mana Bronx, unguwar da muke zaune a ƙasar waje, daga Kano, ciwon gwiwa ya matsa mata har sai a kan kujera take salla. Kullum ta idar sai ta tsaya tana kallon darduma, abin yana ci mini rai. Wata abokiyar aikina ta ce in nemo mata alawar CBD, wai daga ganyen wiwi ake yin ta amma ba ta bugarwa. Na ce a'uzubillahi, washegari na tafi nema.

A wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa na samu. A jikin kwalin an rubuta ɓaro-ɓaro cewa babu sinadarin da ke sa maye. Ni kuwa damuwata ko da kitsen alade a ciki (babu, in ji kwalin dai). Ban ko tambayi ko shagon yana da lasisi ba. Rubutu ne fa da Turanci, tsaf-tsaf, wa zai yi ƙarya a nan?

Amma ba zan ba uwata abin da ban ɗanɗana ba. Na tauna ɗaya, na ji shiru, na ƙara. Sai Umma ta ce in tashi mu je unguwar Harlem ta'aziyyar mijin Hajiya Rabi, ƙawarta tun suna 'yan mata.

Falon cike da mata, kowa da carbi. Ana tsakiyar addu'a idona ya faɗa kan butar shayi, wallahi sai na ga tana hararata kamar shugabar makarantarmu. Dariya ta taso mini tun daga ciki. Na ciji leɓe, na tuno kabari, ina! Kafaɗuna suka fara rawa, wani ƙiii ya kuɓuce mini. Kawuna suka juyo.

Umma tana kan kujerar da aka ba ta saboda ƙafa. Kallo ɗaya ta yi mini. Ta sulalo ƙasa, ta jawo kaina ta kife a kan gwiwarta, ta lulluɓe ni da mayafinta.

"Ku yi mata haƙuri," ta ce da matan, "tun rasuwar babanta zuciyarta ba ƙwari."

"Allah sarki, baiwar Allah!" in ji su. Hajiya Rabi da kanta ta taso tana bubbuga bayana, tana cewa in yi tawakkali. Matar da ta rasa miji fa! Nan dariyar ta koma kuka na gaske, na kunya da na tausayi.

A hanyar gida na faɗa wa Umma komai. Ta tsaya a matakalar tasha, tana dafe da ni.

"Wato ni kika sayo wa wiwi, 'yar nan? Da yanzu ni ce ke gaisawa da buta!"

Daga baya mai kemis ya ce kayan irin shagunan nan marasa lasisi ba mai gwada su, kowa ya rubuta abin da ya ga dama. Tun ranar, sai na ga lasisi kafin in yarda da kwali.

Gwiwar kuwa ta kumbura suntum. Na je nemo mata magani, na ƙare da ɗora mata ƙaton kaina. Har gobe Umma a kujera take salla, amma ranar nan ta sauko ƙasa saboda ni, ko wash ba ta ce ba.