Ɗan Tauri a Ɗakin Hoto

Bawa Gagarau ɗan tauri ne na unguwarmu, wanda wuƙa ke lanƙwashewa a cikinsa ranar wasa. Sai dai shekara talatin ke nan sigari ba ta barin bakinsa. Da matarsa Ladidi ta ja shi asibiti, likita ya rubuta a yi masa hoton siti sikan na huhu, irin mai ƙaramin haske. Bawa bai damu da huhun ba ko kaɗan. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne kada a ji a unguwa cewa wani abu ya ratsa jikinsa, domin sunan nan shi ne duk abin da ya mallaka.

Ma'aikaciyar ɗakin hoto ta yi masa bayani a tsanake, cewa babu allura, babu zafi. Zai kwanta a kan gado, gadon ya shige da shi cikin wani zobe, ya riƙe numfashi na ɗan lokaci, shi ke nan. Ta ƙara da cewa hasken kaɗan ne, kada ya ji tsoro. Nan fa ran maza ya ɓaci.

Ya ce, "'Yar nan, ni za a ba kaɗan? Ƙure shi, kada ki yi asarar wuta. Ko na manya ba ya shigata."

Ta ce to, amma sai ya cire duk wani ƙarfe. Aka sha fama kafin ya kwance guru da kambu da layu, ya damƙa wa Ladidi kamar mai barin wasiyya. Da gadon ya motsa, gogan naka ya runtse ido, ya riƙe numfashi tun ba a ce masa ba.

Da suka koma wurin likita, sai ga haƙarƙarin Bawa tar a allo, ɗaya bayan ɗaya, ga huhu ya sha hayaƙi. Likita ya ce a bar taba daga yau, a dawo baɗi. Bawa ya ji kunya ƙwarai, ya juya wajen matarsa.

"Ke shaida ce, Ladidi. Sai da suka raba ni da kayana sannan hasken nan ya iya shigata."

Ta miƙa masa ƙullin layunsa ta ce, "Na shaida, maigida. To ita sigarin, wa ya cire maka su kafin ta shiga?"