Motar Baba a Ƙofar Gidan Biki

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na je ɗaukar amarya da motar Baba ba, ko da yake har gobe ban yarda motar ce da laifi ba.

Doguwar mota ce mai faffaɗan baya, ta girme ni da kusan shekara goma. Fitilunta zagayayyu, bambarta ƙarfe zalla mai ƙyalli, giyarta a jikin sitiyari. In ka rufe ƙofarta, kai ma ka san ka rufe ƙofa. Motocin yanzu kuwa duk kamar sabulun wanka suke, ba ka bambance su sai ka karanta sunan da ke bayansu. Haka nake faɗa kullum a majalisarmu ta Ƙofar Ruwa, har abokai suka gaji da ni.

Da auren abokina Nura ya taso, ana tsara motocin kai amarya, sai na bugi ƙirji na ce tawa ce za ta ɗauko ta. Aka kwashe da dariya. Nura ya ce, "Don Allah kar ka kunyata ni a gaban surukai." Na ce masa a ranar, da bakinsa zai gode mini. Kwana uku ina goge ta, na turara ta da turaren wuta, na ɗaura mata furannin roba a goshi (ni na zaɓo da kaina, ja da fari).

Abin da na manta shi ne, Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana ba da aron motar nan in an yi rasuwa, don makara tana shiga bayanta daidai. Gidan su amarya kuma a Gwale yake, layi biyu tsakaninsa da tsohon gidanmu.

Na shigo layin bayan la'asar, ina tafe a hankali don kowa ya more kallo. Sai na ga dattawan da ke kan tabarma suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka motar suke girmamawa, har da ɗaga musu hannu. Wani tsoho ya leƙo ta taga ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaro, wa ya rasu a gidan?"

Kafin in buɗe baki labari ya shiga cikin gida. Guɗa ta tsaya, aka shiga salati, wata ma ta fasa kuka. Sai ga Gwaggo Asabe, yayar baban amarya, ta fito mayafi a hannu. Ta dubi motar, ta dubi furannin, sannan ta dube ni.

"Ɗan nan, a cikin wannan aka kai maigidana makwancinsa. Ita ka kawo wa 'yata? Fice da ita tun ina ganin mutuncinka."

Layin ba wurin juyawa, da baya na fita, gumi har cikin takalmi. Ban kai titi ba aka buga wa Nura waya. Wata biyu bai amsa sallamata ba, kuma wallahi abin ya yi mini ciwo.

Na ɗauki darasi, ba na musu: kafin ka kai tsohuwar mota gidan biki, ka tambayi wa ta taɓa ɗauka. Amma sayarwa kam, ban sayar ba, ba kuma zan sayar ba. Masu dariyar nan, ranar da ta faru a gidajensu ni suke fara kira, kuma har yau ban ji wanda ya ce a nemo masa 'yar yayi ba.